Riɗi a Fuskar Baba

Da magariba aka ɗauki hoton nan,
a Gadarif, ranar da aka gama kakkaɓe riɗi.
An ɗauke wuta, fitila ɗaya ce a rumfa.
Nuraini ya ɗaga waya, ya ce, Baba, dube ni.
Baba Tanimu bai dube shi ba.
Idonsa na kan jabana da ke tafasa a garwashi,
rabin dariya a bakinsa,
ɗaya rabin ya riga ya tafi wani wuri.

Wata bakwai ke nan da aka kai shi makwanci.
Bayan wannan hoto babu wani.

A waya lafiya lau yake,
ƙaramin allo akwai rufin asiri.
Da na buɗe shi a kwamfuta, na faɗaɗa,
sai ga tsaki-tsaki ko'ina:
ja, kore, shuɗi a inuwar wuyansa,
toka-toka a goshi da kunci,
kamar an ɗebi riɗi da hannu biyu an watsa masa.

Ban ga laifin waya ba.
Haske ne ya yi mata kaɗan,
ta ga abin da ta gani, sauran ta cike da zato.
Mu ma haka muke yi in labari ya iso mana rabi.

Na fara da masu launi.
Na ja ɗan layin a hankali, ja ya kwanta, kore ya bi shi,
wuya ya koma baƙinsa na asali.
Daɗi ya kama ni, daɗin da ke sa hannu zarcewa.
Na kama layi na biyu, na kai shi ƙarshe.

Fes! Fuska sumul kamar sabon sabulu.
Babu tsaki, babu tamoji,
furfurar gemu ta narke ta zama koko,
tsagar da kakansa ya taho da ita a ƙafa tun daga Gobir
ta rage layi biyu, su ma dishi-dishi.

Inna Kuluwa ta leƙo ta bayan kafaɗata,
ta daɗe tana kallo.
Ta ce, Raliya, wannan ɗan gidan waye?
Na ce Baba ne. Ta ce, ba nawa ba.
Ta ce, ke da kika tashi a gindin faifai,
wa ya koya miki bakace da ƙarfi?
Iska ba ta san tsaba ba, ba ta san ƙaiƙayi ba,
mai faifan ce ke sani.

Na koma baya.
Rabi. Ƙasa da rabi. Kashi ɗaya cikin uku.
Tsaga ta dawo ɗaya bayan ɗaya,
har tabon lauje da ke gefen gira.
Zanar da ke bayansa na goge ta son raina,
duhun saman rumfa ma haka,
su ba su da abin da zan yi kewa.
Fuskar na kewaye ta, na taɓa ta sama-sama
kamar mai share wa jariri ido.

Tawada ta kusa ƙarewa, sai na gwada a guntuwar takarda.
Mai sheƙi ta tona komai.
Marar sheƙi ta shanye rabin tsakin ta yi shiru.
Na miƙe hannu da ita, iyakar tsawonsa,
ragowar ta ɓace.
Ashe wani aibin na mai kusanto da ido ne.

Firinta ta yi nishi, ta yi tari,
ta turo shi kaɗan-kaɗan, hula tukuna, goshi, sannan dariyar.

Inna ta karɓa tun bai gama bushewa ba.
Ta sa babban yatsa a kuncinsa,
inda 'yan ɗigo suka ƙi tafiya,
ta murza sau ɗaya, ta murza sau biyu.
Na ce, kawo in sake, zan iya cirewa.

Ta ce, bar shi.
Ai kullum haka yake dawowa daga gona.